Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Muhalli Na Jihar Sakkwato Kan Dagwalon Dabbobi Da Ke Malala Gulbin Rima

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Muhalli na Jihar Sakkwato, tare da sanar da shugaban hukumar kare muhalli ta jiha, SEPA, da ofishin NESREA, hukumar tarayya mai aiwatar da dokokin muhalli, na Sakkwato, da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da shugabannin ƙananan hukumomin da gulbi ya ratsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci da girmamawar da ta dace da kujerarku, muna roƙon Allah ya yi muku jagora a kan amanar da aka ɗora muku.

Masu wannan takarda likitocin dabbobi ne da malaman gona da ma'aikatan gwajin ruwa da ke aiki a Sakkwato da kewayenta. Mun rubuto da yawun masuntan Gulbin Rima, da manoman fadama tun daga Goronyo da Wurno har Kwalkwalawa da Wamakko, da matan ƙauyukan bakin gulbi masu ɗiban ruwan sha a inda ya samu, da duk mai buɗe famfo a cikin birni. Kukanmu a kan dagwalon dabbobi ne, wato kashi da fitsari da ruwan wankin garke da suka cakuɗe suka zama kamar kunu. Ana sakinsa daga manyan wuraren turka da gidajen kaji da tafkunan kifi da mahautai, ya bi lambatu ya faɗa gulbi, mai sakinsa kuma ya kwana lafiya babu mai ce masa kanzil.

Ranku ya daɗe, kiwo gadonmu ne. Ƙasar da ta fitar da bokolo da jar akuya, wadda fatarta ta yi suna har ƙetaren hamada, ba a zo mata da zancen rage dabba. Taki ma dukiya ne. Busasshen kashin kaji buhu-buhu ake sayensa, manoman albasa da tafarnuwa na rububinsa, ballantana yanzu da takin zamani ya fi ƙarfin talaka. Ko kandilo bai rasa mai so ba. Ɓarnar tana somawa ne daga ranar da ruwa ya shiga takin. Da zarar ya jiƙe sai ya yi nauyi ya yi ɗoyi, mai amalanke ya ƙi ɗauka, mai mota ya ƙi, manomi ya ƙi saye. Abin da ya rage wa mai gonar kiwo shi ne ya fasa gefen ramin dagwalo da daddare, ko ya tara a bakin kwari ya jira ruwan sama ya kwashe masa kyauta.

Yawan abin ya wuce yadda ake zato. Bijimin turka mai kilo 350 yana fitar da kashi da fitsari wajen kilo 20 a rana. Mai bijimai 100 kenan yana da tan biyu kullum, kuma a cikin kwana 90 na turka ya tara tan 180. Kazar ƙwai tana yin giram 100 zuwa 120 a rana, saboda haka gidan kaji 5,000 ya haura rabin tan kowace safiya. Sai a ƙara da ruwan sama. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Garke mai tsawon mita 30 da faɗin mita 20, in aka yi ruwan milimita 40 a dare ɗaya, lita 24,000 ta sauka a kansa, duro 120 kenan mai cin lita 200, duk ta wanke kashi ta yi gangare. A daminarmu, da ke kawo milimita 600 zuwa 700 galibi tsakanin Yuni da Satumba, wannan garken ɗaya zai sha lita kusan 390,000.

A 'yan shekarun nan lokaci ma ya haɗa baki da matsalar. Babbar Sallah ta faɗo 28 ga Yuni a 2023, 16 ga Yuni a 2024, da 6 ga Yuni a 2025. Turkar layya tana ƙarewa daidai da faɗuwar damina, an sayar da dabbobi, tsibin kashin wata uku yana zaune a fili, ruwan farko kuma shi ne mafi muni domin yana samun gulbi a ƙarshen ƙarfinsa.

Duk wanda ya tsaya bakin irin wannan lambatu washegarin ruwan farko ya san kamarsa. Ruwan baƙi-baƙi ne mai ratsin kore, da kumfa mai kauri da ke taruwa a lungun kwalbati, da gashin kaji da ɓuntu suna yawo a sama. Warin yana shiga ido kafin hanci ya gama ɗauka. Ƙasa da inda ya shiga gulbi, duwatsu da saiwoyin ciyawa sun yi wani santsi mai ruwan toka kamar majina, in an tona laka kuma jajayen tsutsotsi ne kaɗai ke motsi. Da asuba za a ga karfasa da ƙurungu sun taso sama suna hamma, bakinsu a buɗe. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da ke kashe kifin shi ne rashin iska. Bakteriya na cin dagwalon, suna kuma shanye iskar oksijin da ke narke a ruwa. Ma'aunin wannan yunwar iska shi ake kira BOD. Gulbi mai tsabta ba ya kai miligiram 5 a lita. Ruwan masai na gari, wanda kowa ke ƙyama, 200 ne zuwa 300. Dagwalon shanu kuwa 10,000 ne zuwa 20,000, jinin yanka ya haura 100,000. A zafin digiri 30, ruwa ba ya riƙe oksijin fiye da miligiram 7.5 a lita, kuma zafin bazarar Sakkwato kowa ya san shi. In aka yi lissafi, duro ɗaya na dagwalo mai BOD 15,000 yana buƙatar kilo uku na oksijin, wato duk iskar da ke cikin duro 2,000 na ruwan gulbi. Ruwa mai gudu yana maido da wani abu daga iskar sama. Gurbin da ya tsaya cik da rani ba ya samun wannan rangwame. Yawancin kifaye suna shiga wahala in oksijin ya sauka ƙasa da 5, suna mutuwa a wajen 2. Tarwaɗa tana jurewa domin tana iya shaƙar iskar sama, shi ya sa mai gona kan nuna ta ya ce ai ga kifi nan da ransa. Giwan ruwa da ragon ruwa da ƙananan kifayen da za su zama kamun baɗi su ne suka tafi.

Akwai kuma amoniya daga fitsari da kashin kaji, mai ƙona zakarun wuyan kifi, wato sassan da yake numfashi da su. Dafinta yana ƙaruwa da zafi da kuma kanwar ruwa. A digiri 30, in pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, yana 7, ƙasa da kashi ɗaya cikin 100 nata ne ke da dafi. A pH 8 ya kai kashi bakwai, a pH 9 ya doshi rabi. Sauran abin da ya narke, naitirojin da fosfaras, taki ne ga gansakuka da kainuwa da kacalla. Su ne ke rufe fuskar ruwa, su toshe magudanan ban ruwa, su kama komar masunci, su zama maɓoyar sauro da dodon koɗi mai ɗauke da tsutsar hanta ta shanu.

Rima da rani kusan abin da aka sako daga madatsar Goronyo ne. An gina ta don ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, amma a 2018 an ga yadda ta janye har ta koma wajen kashi goma cikin 100. A irin wannan shekara babu ruwan da zai surka ƙazantar kowa. Daga wannan gulbi hukumar ruwa ke ja ta tace wa birni, kuma duk ƙarin dagwalo ƙarin alam ne da kulorin daga aljihun gwamnati. Abin da ya wuce mu kuma mutanen Argungu da Birnin Kebbi ne za su sha.

Rijiyoyi sun fi ba mu tsoro, domin su ba a ganin ɓarnarsu. A fadama ruwa yana kusa, 'yan mitoci ne ƙasa da tafin ƙafa, ƙasar kuma a wurare da yawa rairayi ce. Ramin dagwalon da ba a dabe ba yana tsiyaya kai tsaye zuwa wannan ruwa. Naitiret, sinadarin da naitirojin ɗin dagwalo ke komawa, ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano, tafasawa ma ƙara masa kauri take yi. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya da na Hukumar Lafiya ta Duniya sun tsaida iyakarsa a miligiram 50 a lita, saboda jarirai 'yan ƙasa da wata shida da ake dama wa madara ko koko da ruwan rijiya: yana hana jininsu ɗaukar iska har leɓɓansu su yi shuɗi. Ma'aunin ya kuma ce kada a samu ƙwayar E. coli, wadda ke nuna kashi ya shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100. Za mu faɗi gaskiya a nan, kwalara daga bayan gidan mutane take zuwa, ba mu ɗora wa shanu ita ba. Amma kashin dabba yana da nasa kaya: salmonela, da wani nau'in E. coli mai sa zawon jini da lalata ƙodar yara, da kiriptosiporidiyam wanda ya fi yawa a kashin maruƙa kuma kulorin ba ya kashe shi yadda ya kamata. A garin Walkerton na Kanada, a watan Mayu na 2000, ruwan sama mai ƙarfi ya kai ƙwayoyin kashin shanu cikin rijiyar da gari ke sha. Mutum bakwai suka rasu, wajen 2,300 suka kwanta. Ƙasa ce mai asibitoci da ɗakunan gwaji, amma hakan ya faru.

Manomin lambu shi ma yana ciki, ko da bai sani ba. Injin ban ruwansa yana jan abin da gulbi ya kawo ya watsa a kan latas da kabeji da karas da tumatir, waɗanda ɗanye ake ci. A gidajen kaji ana yawan zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha, wani kaso mai yawa nasa yana fita a kashi bai narke ba, yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Ranar da yaro ya kwanta, allurar da aka saba ta ƙi ci.

Wasu masu gonaki sukan kare kansu da cewa ai kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne. A mazhabar Malikiyya haka ne, matuƙar dabbar ba ta cin ƙazanta. To amma malamanmu ɗin nan su suka karantar da mu cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya jirkita da abin da ba nasa ba, ba a alwala da shi, kuma jinin da ya kwarara wajen yanka najasa ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsoratar da mu ɓata mashayar ruwa, ya ce babu cuta babu cutarwa. Birnin Shehu bai kamata ya jira baƙo ya tuna masa da wannan ba.

Doka ma ba ta yi ƙaranci ba. Sashe na 20 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa. Jadawali na huɗu ya ba ƙananan hukumomi kula da mahautai da kasuwanni da kwashe shara. Akwai dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli tun 1992. Dokar da ta kafa NESREA a 2007 ta hana zubar da abubuwa masu haɗari a ruwa da ƙasa, kuma a yadda aka fara rubuta ta hukuncin ya kai tarar naira miliyan ɗaya ko ɗaurin shekara biyar. A ƙarƙashinta an fitar da ƙa'idojin tsabtar muhalli da na bakin koguna da tafkuna a 2009, da na ingancin ruwan koguna da na ƙarƙashin ƙasa a 2011. Inda gizo ke saƙa shi ne aiwatarwa. Masunci in ya ga kifi ya taso, bai san ƙofar da zai nufa ba: ta muhalli, ta kiwon dabbobi, ta ruwa, ta ƙaramar hukuma, ko ta tarayya. Kafin takarda ta gama zagaya tebura, gulbi ya tafi da shaida. Wani abin kuma kowa ya sani, manyan gonakin nan ba na talakawa ba ne. Dubagari mai ƙaramin albashi, ba babur, ba na'urar gwaji, ba wanda zai tsaya masa, ba zai iya da ƙofar da ake tambayarsa ko ya san gonar wane ce ba.

Ingila ta ɗanɗana wannan. Ƙa'idojinsu a rubuce suke dalla-dalla, amma da hukumar muhallinsu ta bi gonakin shanun madara 86 a yankin Kogin Axe tsakanin 2016 da 2019, ta samu kashi 95 cikin 100 ba su cika sharaɗin ajiyar dagwalo ba, kashi 49 kuma suna cikin gurɓata kogin. Manoman sun daɗe ba su ga mai dubawa ba, sai suka saki jiki. Mu da gonakinmu na zamani yanzu suke tasowa muna da damar da su suka rasa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

Da farko a san su wane ne kuma ina suke. A yi rajistar duk wurin kiwo na kasuwanci da ke kusa da gulbi, ko tafki, ko lambatun da ke zuba a cikinsu. Shawararmu a fara da mai shanu 50, ko tumaki da awaki 200, ko kaji 2,000 zuwa sama, da duk mahauta da manyan tafkunan kifi. Mai rago biyu a bayan ɗaki, da bazawarar da ke turka sa ɗaya don ta aurar da 'yarta, da makiyayin da dabbobinsa ke watsa kashi a daji, ba su ne matsalar ba, kada a mai da doka sandar dukansu. In aka fara da su aka bar manya, jama'a za su gane, kuma daga ranar babu mai sake kawo rahoto.

Na biyu, a fitar da ƙa'ida gajera, shafi ɗaya ko biyu, da Hausar boko da ajami, a karanta ta a rediyo. Abin da za ta ƙunsa ba mai wuya ba ne. A raba ruwan sama da kashi: indararo da bututu a rufin garke su kai ruwan tsabta waje, a ja kunyar ƙasa ta gefen tudu don kada ruwan unguwa ya ratsa ta cikin dabbobi. A kankare kashi da shebur a busasshensa maimakon wanke shi da tiyo. Wannan kaɗai ya raba matsalar biyu, kuma ranar Sakkwato tana busar da shi cikin 'yan kwanaki. A gidan kaji a gyara mazubin ruwa mai ɗiga, a shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko dusar katako kaurin santimita 5 zuwa 10. Wurin tara taki ya zama daɓen siminti mai ɗan gangare, santimita biyu a kowace mita, zuwa ƙaramin ramin da zai tari tsiyayar, da rumfa ko tamfol a kai kafin Yuni. Kada a tara ko a watsa taki ƙasa da mita 10 daga bakin ruwa, ko ƙasa da mita 50 daga rijiya ko burtsatse. Wannan shi ne ma'aunin Ingila, kuma a rairayin fadamarmu shi ne mafi ƙanƙantar abin da za a yarda da shi. A bar ciyawa a wannan tazara, ita ce matatar ƙarshe.

Wanda ba makawa sai ya yi ramin dagwalo, to ramin ya ɗauki na wata huɗu, tsawon damina. Mai bijimai 100 da ke wanki da lita 20 kan kowace dabba yana tara lita 4,000 a rana in an haɗa da kashi da fitsarinsu, 480,000 a kwana 120, ban da ruwan sama. Yawancin ramukan da ake haƙawa ba sa ɗaukar na mako biyu, shi ya sa suke ambaliya a Agusta. A haƙa shi a tudu. Ambaliyar Satumba 2010, wadda ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta nuna wa kowa iyakar inda Rima ke kaiwa in ta fusata, kuma duk ramin da ke cikin wannan iyaka na gulbi ne ko ba daɗe ko ba jima. A dabe shi da yumɓu a daddage, ko siminti, ko shimfiɗar roba mai kauri, gindinsa ya fi mita ɗaya sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa a ƙarshen damina. A bar santimita 75 tsakanin fuskar dagwalo da bakin rami. A kwashe shi a Afrilu ko Mayu a kai gona a juya da ƙasa. A kewaye shi da waya saboda yara, domin ɓawon da ke bushewa a samansa yana kama da ƙasa mai tauri. Kada kuma a bar lebura ya shiga ciki: in aka motsa dagwalo yana sakin wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa hanci ya daina jinta, ta kada mutum nan take, ta kada wanda ya shiga ceto.

A gona ma taki yana da iyaka. Tarayyar Turai tun 1991 ta tsaida kilo 170 na naitirojin daga takin dabba a hekta ɗaya a shekara a yankunan da ruwansu ke cikin haɗari, wajen tan 30 kenan na kashin shanu, na kaji kuwa bai fi kashi ɗaya cikin uku na wannan ba saboda ƙarfinsa. Ɗanyen taki a sa shi aƙalla kwana 120 kafin cire kayan lambun da ke taɓa ƙasa. Gara ma a ruɓar da shi: a haɗa kashi da ɓuntu ko yankakken kara, tsibi mai tsayin mita ɗaya da rabi, a jiƙa shi yadda in an matse a hannu zai dunƙule ba ya zuba. Cikinsa ya kai zafin digiri 55 na tsawon mako biyu ana juyawa kamar sau biyar. Tsibin da ya ƙi zafi ya bushe ne ko ya jiƙe da yawa, wanda ke warin fitsari kuma ɓuntu yake so.

Na uku, mahautai. Sa ɗaya yana ba da jini lita 10 zuwa 15, da ƙazantar tumbi kilo 20 zuwa 40. Jinin a tare shi a mazubi, a dafa, a shanya, ya zama abincin kaji da kifi. Ta tumbi a kwashe ta da baro zuwa wurin taki. Ruwan wanki ya bi ta raga da matarar kitse da ramukan kwantarwa kafin ya fita. Yawancin mahautai na hukuma ne, kuma ana karɓar kuɗi kan kowace dabba. Muna roƙon a fara gyara daga nan, a ware wani kaso na wannan kuɗi don lambatu da ramuka, kada mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. A sa sarakunan fawa a gaba, sun fi kowa sanin inda jini ke bi.

Na huɗu, kuma shi ne zuciyar wannan takarda, a ba masu dubawa abin aiki da goyon baya. Babban zagaye ya kasance a Afrilu da Mayu, tun ana iya gyara, sannan ziyarar ba-zata bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Wanda aka samu da gazawa a ba shi takardar gargaɗi mai bayyana abin da zai gyara da wa'adin kwana 30, a kuma dawo a ranar da aka ce. Wanda aka kama yana saki da gangan, ta bututun ɓoye ko tankar dare, wannan ya wuce gargaɗi, kotu zai je.

Ƙararrakin gurɓata ruwa a wajen shaida suke faɗuwa, don haka a koya wa ma'aikata ɗiban samfur yadda lauya ba zai rusa shi ba. Wuri uku ake ɗiba: sama da inda dagwalo ke shiga, daidai bakinsa, da ƙasa da shi. In babu na sama, mai gona zai ce haka ruwan ya zo. Oksijin da zafi da pH a bakin ruwa ake auna su da na'urar hannu, kuma da asuba, domin da rana gansakuka na sakin iska, ma'aikacin da ya zo da azahar zai ga adadi mai kyau a ruwan da ya kashe kifi da daddare. Kwalbar gwajin ƙwayoyin cuta ta zama wadda aka gasa, a sa a kula da ƙanƙara, ta isa ɗakin gwaji cikin awa shida. A like bakin kowace kwalba, a rubuta wuri da lokaci, mai gona ko wakilinsa da mai unguwa su sa hannu, a ɗauki hoton da ke nuna rana da wuri, a rubuta sunan duk wanda kwalbar ta bi ta hannunsa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da ɗakunan gwaji da masana, yarjejeniya kaɗai ake buƙata.

Tara kuma ta yi daidai da girman gona, ta riƙa ƙaruwa kowace rana har a toshe ɓarnar. In tara ba ta kai kuɗin gina rami ba, mai gona zai biya ta da murmushi ya ci gaba. Wanda ya ɓata shi zai biya kuɗin gwaji da na gyara, da diyyar masuntan da ya kashe wa kamu da masu rijiyar da aka rufe. Wanda ya maimaita a rufe wurin. A biya ta banki da rasit, kada kuɗi ya bi ta hannun mai dubawa, don kare shi da kare mai gona. Kotun tafi-da-gidanka za ta rage jan ƙafa. Duk wata uku ma'aikatarku ta bayyana wa jama'a gonaki nawa aka duba, nawa aka gargaɗa, nawa aka hukunta, da sakamakon gwajin ruwa a wurare tsayayyu daga Goronyo zuwa Wamakko.

A buɗe lambar waya ɗaya da tebur ɗaya da zai karɓi rahoto a madadin duk hukumomin, da alkawarin isa wurin a ranar. Sarakunan ruwa da masunta su ne ke kan gulbi tun kafin fitowar rana, su za su fara gani. A ba su lambar, a ɓoye sunan mai kawo rahoto, a nemi albarkar Majalisar Sarkin Musulmi don hakimai da limamai su ɗauki maganar.

Wanda ya zo da niyyar gyara kuwa a taimake shi, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A haɗa masu taki da ƙungiyoyin manoman fadama tun kafin damina, a saka daɓen taki da rami cikin sharuɗɗan duk wani rancen kiwo na gwamnati, kada a ba sabuwar gona izini sai ta nuna inda kashinta zai je. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato ta daɗe tana aikin iskar girki daga kashin shanu. Kilo ɗaya na ɗanyen kashi yana ba da lita 30 zuwa 40 na gas, ana dama shi da ruwa daidai wa daida ya yi wata guda ko fiye a tanki. Sai dai a sani, ruwan da ke fitowa daga tankin yana nan da naitirojin da fosfaras ɗinsa, gona zai tafi, ba lambatu ba.

Muna roƙon ku kira zama kafin watan Afrilu, da hukumomin da muka ambata, da wakilan masu gonaki da mahauta da masunta da manoman fadama, a fito da ƙa'idar da sunayen wuraren da za a fara dubawa. A shirye muke mu zo da lissafin girman ramuka, mu kuma horar da dubagari ɗiban samfur ba tare da an biya mu ba.

Allah ya ƙara girma, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Daga gungun likitocin dabbobi, malaman gona da ma'aikatan gwajin ruwa,
Sakkwato.